LK-99: Yadda Masana Ke Tantance Sabon Sinadari Kafin a Fara Murna

Shin akwai wani abu a duniya da wutar lantarki za ta ratsa shi ba tare da ta yi asarar ko ɗigo ba, kuma a zafin ɗaki, ba sai an daskarar da shi ba? Wannan tambaya ce ta mamaye intanet a ƙarshen watan Yulin 2023, bayan wasu masu bincike a birnin Seoul na Koriya ta Kudu sun ce sun haɗa irin wannan abu, wanda masana ke kira sufakwandakta, sun raɗa masa suna LK-99. Wani ɗan gajeren bidiyo ya zagaya duniya, inda aka ga wani guntun abu baƙi-baƙi a kan maganaɗisu ya ɗaga gefensa ɗaya sama. Hannayen jarin wasu kamfanoni suka yi tashin gwauron zabo. Masu sharhi suka shiga lissafin wutar lantarki ta kyauta da jiragen ƙasa masu tafiya a iska. Kafin wata guda ya cika, zancen ya bi ruwa.

Har yau akwai masu ganin danne gaskiya aka yi, akwai kuma masu cewa tun farko damfara ce. A ganina ɓangarorin biyu duk sun kauce, kuma abu ɗaya ne ya kautar da su: rashin sanin yadda ake binciken daskararrun abubuwa a ɗakin gwaji. Wanda ya fahimci wannan aiki ba zai yi mamakin tashin labarin ba, balle faɗuwarsa.

Mene ne sufakwandakta?

Wutar lantarki tafiyar wasu ƙananan ƙwayoyi ce da ake kira ilektiron, a cikin waya. Tafiyar ba ta zuwa salin-alin. Ƙwayoyin zarrar da suka haɗu suka yi wayar kullum cikin kaɗawa suke, ga kuma gurabun da jerinsu ya karkace, to da su ilektiron ke ta karo. Kowane karo yana mayar da wani ɓangare na ƙarfin wutar ya koma zafi. Wannan ita ce turjiya. Ita ke sa cajar waya ɗumi, ita ce kuma dutsen guga ke amfani da ita da gangan. Ko jan ƙarfe da azurfa, waɗanda suka fi sauran ƙarafa sakin hanya, suna da tasu turjiyar.

A 1908 wani masani ɗan ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes, ya yi nasarar mayar da iskar hiliyam ruwa a birnin Leiden, abin da ya ba shi sanyin da babu wanda ya taɓa kaiwa. A 1911 ya sanyaya zaiba da wannan ruwa yana auna turjiyarta. Da aka kai wajen digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, sai turjiyar ta ɓace ɗungurungum, farat ɗaya. Abin da ke nuna wannan hali shi ake kira sufakwandakta. Idan aka yi zobe da shi aka sa wuta ta fara zagayawa, sai a cire batir, wutar ta ci gaba da zagayawa shekara da shekaru muddin sanyin bai yanke ba.

Sai a 1957 aka samu bayanin da ya gamsar. John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer suka nuna cewa a tsananin sanyi, motsin jerin zarra kan sa ilektiron su haɗu bibbiyu, waɗannan tagwaye kuma su yi tafiya a dunƙule ta yadda ƙananan karo ba sa iya tarwatsa su. Zafi ne ke raba tagwayen. Shi ya sa duk fafutukar fiye da shekara ɗari ta tsaya a kan abu guda, wato nemo sinadarin da tagwayensa za su jure zafi.

An samu ci gaba, amma da tsalle-tsalle. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller na ɗakin binciken kamfanin IBM da ke Zurich suka ga alamar wannan hali a wajen digiri 238 ƙasa da sifili, a cikin wani haɗi mai kama da tangaran wanda ke ɗauke da jan ƙarfe da oksijin. Shekara guda bayan nan, ayarin Paul Chu da Maw-Kuen Wu a Amurka suka kai digiri 180 ƙasa da sifili da wani ɗan uwan wannan haɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwan naitirojin, wanda ya fi na hiliyam araha nesa ba kusa ba, yana tafasa ne a digiri 196 ƙasa da sifili, ke nan ya isa ya yi aikin sanyayawar. A 1993 aka kai wajen digiri 140 ƙasa da sifili. To a irin matsin iskar da muke rayuwa a cikinsa, duk abin da aka tabbatar zuwa yanzu yana ƙasa da sifili da fiye da digiri ɗari. Sai ga takardar Seoul tana cewa nata yana aiki har sama da digiri 100 na zafi, wato zafin da ruwa ke tafasa. Duk wanda ya san tarihin dole ya ɗaga gira.

Halin abu yana cikin jerin zarrarsa

A nan ne mutane da dama ke ɓata. Ana ɗauka cewa idan an san sinadaran da ke cikin abu, an san abun. Daimon da baƙin da ke cikin fensir, idan aka cire yumɓun da ake gauraya masa, duka kabon ne zalla, babu ƙari babu ragi. A daimon kowace zarra tana riƙe da guda huɗu ta kowace fuska, shi ya sa yake yanka gilashi, kuma lantarki ba ya ratsa shi. A baƙin fensir zarrar ta jeru shimfiɗa-shimfiɗa, kowace shimfiɗa da ƙarfinta amma riƙon da ke tsakaninsu sako-sako ne, shi ya sa yake gogewa a takarda, kuma lantarki yana bin sa. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na jami'ar Manchester suka yi ta ɓare waɗannan shimfiɗu da salatif har suka ware guda ɗaya tal, sai ga ta da halaye na daban da suka kai su ga lambar Nobel a 2010.

Bayan tsarin jeri, akwai baƙin zarra da ke kutsawa ciki, kuma kaɗan ɗinsu ba kaɗan ba ne. Jan yakutu da shuɗin yakutu dutse ɗaya ne, haɗin alminiyam da oksijin. Ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na kuromiyam shi ke rina ɗaya ja, ƙarfe da titaniyam kuma su rina ɗayan shuɗi. Silikon ɗin da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi ana tace shi har sai baƙuwar zarra ba ta kai ɗaya cikin biliyan ba, sannan a dawo a zuba masa boron ko fosfaros da gangan, gwargwadon awo. Zarra ɗaya cikin miliyan ta isa ta sauya yadda yake sakin lantarki ninki dubbai. Duk masana'antar waya da kwamfuta a kan wannan dabara take zaune, tun daga tiransistar farko, wato ɗan makunnin da ke buɗe wa lantarki hanya ko ya rufe, da aka yi a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947.

Ma'anar wannan ga labarinmu ita ce, idan mai bincike ya ce sinadari kaza yana yin kaza, abin da ya auna a zahiri guntun da ke hannunsa ne, da dattinsa da tsagarsa da duk abin da ya maƙale masa a cikin tanderu. Tsakanin “wannan guntu ya yi kaza” da “wannan sinadari yana yin kaza” akwai tafiya mai nisa, kuma rabin aikin wannan fanni a wannan tafiyar yake ƙarewa.

Yaya ake leƙa cikin daskararren abu?

Zarra ta fi ƙarfin madubin ƙara girma na gilashi. A ƙwayar gishiri, zarra fiye da miliyan uku ne ke jeruwa a tsawon milimita ɗaya. Hasken da ido ke gani igiyarsa ta yi faɗi da yawa, ba za ta iya bambance su ba.

Mafita ta zo a 1912 a birnin Munich, lokacin da Max von Laue ya kawo shawarar a haska eksire a kan kiristal, wato abin da zarrarsa ta jeru bisa tsari mai maimaita kansa. Tsawon igiyar eksire ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin zarra. Idan ka jefa tsakuwa biyu a ruwa mai kwanciya, za ka ga inda igiyoyinsu suka haɗu suka ƙara tsayi, da inda suka kashe juna ruwan ya lafa. Haka eksire ke yi idan ya fantsama daga layukan zarra: ta wasu kusurwoyi ya fito da ƙarfi, ta sauran ya mutu. Abin da ke bayyana a faifai ɗige-ɗige ne masu tsari. William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka gano yadda za a karanta ɗigon a koma baya a lissafo inda kowace zarra take, suka fayyace tsarin gishiri da na daimon a 1913. Sun karɓi Nobel tare a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Har gobe wannan shi ne gwajin farko da ake yi wa duk sabon abu. A niƙa shi ya zama gari, a shafa a ɗan faranti, inji ya riƙa juyawa yana auna hasken ta kowace kusurwa, a ƙarshe ya fitar da zane mai tsini-tsini. Kowane sinadari da irin tsininsa, don haka idan abu biyu ne a gauraye, za a ga sawun kowanne. Sai dai gwajin yana da iyaka. Baƙon da bai kai kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba yakan ɓuya, kuma zanen matsakaicin hali yake nunawa, ba ya faɗa maka abin da ke faruwa a wani lungu na guntun.

Saboda haka ake haɗawa da wasu hanyoyi. Ana harba ƙwayoyin niyutiron, waɗanda ke iya gano zarra marasa nauyi kamar haidirojin, su kuma nuna yadda ƙananan maganaɗisun cikin abu suka fuskanci juna. Akwai madubin ilektiron. Akwai na'urar da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera a 1981, mai tsinin allura da ke bin saman abu tana tsinto zarra ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma manyan injuna masu zagaye, irin na birnin Grenoble a Faransa mai kewayen mita 844, da ke samar da eksire mai tsananin haske, inda masu bincike daga ƙasashe daban-daban ke neman a ba su ’yan kwanaki su auna abinsu.

Shaidu uku da ake nema

Kafin masana su yarda abu sufakwandakta ne, suna son shaidu da suka fito ta hanyoyi daban-daban su yi magana da baki ɗaya, kuma a digiri ɗaya.

Na farko turjiya ta zama sifili. Auna sifili ya fi yadda ake zato wuya. Ana manna wa guntun siraran wayoyi huɗu a jere, sau da yawa da mannin azurfa, a ƙarƙashin madubi, da hannu mara rawa. Biyun waje su ke tura wuta, biyun ciki su ke auna ƙarfin turin da ya ɓace a tsakani. An yi haka ne don kada turjiyar wayoyin kansu ta shiga lissafi. Amma idan guntun yana da tsaga, ko ba iri ɗaya ba ne ciki da waje, wutar na iya kewayewa ta wani gefe ta bar wayoyin ciki ba su ji komai ba. Inji ya nuna sifili, mai bincike ya yi ta murna a banza. Kuma raguwar turjiya, ko da ninki goma ce, ba sifili ba ce.

Na biyu shi ne korar maganaɗisu. A 1933 Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano a Berlin cewa sufakwandakta, da zarar ya shiga halinsa, yakan fitar da ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Wannan ne ke sa shi shawagi. To a nan ne bidiyo ke yaudara. An ce gani ya kori ji, amma a wannan fage gani ma sai an tantance shi. Abubuwa da yawa suna ɗan ture maganaɗisu ba tare da sun zama sufakwandakta ba. Wani nau'in baƙin fensir yana shawagi a kan maganaɗisu mai ƙarfi a zafin ɗaki. A 1997 a birnin Nijmegen na Holan an sa kwaɗo mai rai ya yi shawagi a cikin wani gagarumin maganaɗisu, saboda ruwan jikinsa, kuma Andre Geim ɗin nan na salatif yana cikin waɗanda suka yi aikin. Ta ɗaya ɓangaren, ɓarɓashin ƙarfe idan aka ɗora shi a kan maganaɗisu yakan miƙe tsaye, gefe ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Sufakwandakta na gaske irin na tangaran yakan tsaya cak a iska babu inda ya taɓa, ko an tura shi ya dawo gurbinsa, ko an kifar da maganaɗisun ya rataya a ƙarƙashinsa bai faɗi ba. Duk da haka masana ba da ido suke yanke hukunci ba, da na'urar awo suke yi, wadda ita kanta da sufakwandakta aka ƙera ta.

Na uku, yawan zafin da abu ke sha kafin ya ƙara digiri ɗaya yakan yi tsalle daidai inda halin ya sauya. Wannan shi ke nuna cewa duk jikin guntun ne ya sauya, ba wani siririn zare a cikinsa ba.

Bayan waɗannan akwai sharaɗin da ya fi su nauyi: wani, a wani gari, da tanderunsa da injinsa, ya bi bayaninka ya samu abin da ka samu.

Abin da ya faru da LK-99

Sunan ya fito ne daga haruffan farko na sunayen Sukbae Lee da Ji-Hoon Kim, da shekarar 1999 da suka ce sun fara aikin. A ranar 22 ga Yulin 2023 takardu biyu suka bayyana a rumbun arXiv, inda masana ke ajiye rubutu kafin a tantance shi, tsakaninsu ’yan sa'o'i, kuma jerin marubutansu bai zo ɗaya ba. Sinadarin haɗin dalma ne da fosfaros da oksijin, aka musanya wasu zarrar dalma da jan ƙarfe. Hanyar haɗa shi ba ta da wuya: a gauraya gari iri biyu, a zuba a bututun gilashi mai jure wuta, a zuƙe iskar ciki a liƙe bakin, a gasa a digiri 925 na wasu sa'o'i. Sauƙin nan ne ya sa ɗakunan gwaji a Sin da Indiya da Amurka da Turai suka duƙufa cikin kwanaki kaɗan, har da masu sha'awa da ke nuna aikinsu kai tsaye a intanet.

Wani lissafin kwamfuta da aka fitar daga ɗakin bincike na Berkeley a Amurka ya ƙara rura wutar, domin ya nuna tsarin na iya samun wasu siffofi masu jan hankali. Jama'a suka karanta shi a matsayin tabbaci. Alhali lissafi irin wannan yana farawa ne da ɗaukar cewa zarrar tana zaune inda aka ce tana zaune, bai taɓa guntun da hannu ba.

Bakin zaren ya fito daga wata lamba da ke cikin takardar Seoul kanta. Masu binciken sun rubuta cewa turjiya ta faɗi kusan ninki goma a digiri 104.8. Wani masanin kimiyyar sinadarai a jami'ar Illinois, Prashant Jain, ya gane lambar. Ɗaya daga cikin garin da ake gasawa yana ɗauke da farar wuta, wadda ba ta da gurbi a cikin LK-99, don haka sai ta kama ragowar jan ƙarfe su yi wani haɗi na daban. Wannan haɗi an daɗe da sanin cewa zarrarsa kan sauya jeri a wajen digiri 104, turjiyarsa ta sauya farat ɗaya. Su kansu masu binciken sun ambaci cewa akwai shi a cikin samfurinsu, ba su dai ɗora masa alhakin komai ba. Masana a cibiyar kimiyya ta Beijing suka haɗa samfuri biyu, ɗaya da baƙon kaɗan, ɗaya da shi da yawa. Mai yawan ne ya nuna faɗuwar turjiyar sosai, kuma babu wanda ya kai sifili.

Batun ɗaga gefe kuwa, ayarin jami'ar Peking suka nuna cewa wasu gutsattsarin suna da ɗan halin jan maganaɗisu irin na ƙarfe, wanda ya isa ya miƙar da su rabi da rabi. Wani ma ya matse garin baƙin fensir ya manna masa ɓarɓashin ƙarfe, ya ɗauki bidiyon da ya yi kama da na Seoul.

Waɗanda suka rufe babin su ne ayarin Pascal Puphal na cibiyar Max Planck da ke Stuttgart a Jamus. Maimakon su bi hanyar gashin da aka bayar, sai suka bi wata da ba ta shigo da farar wuta ko kaɗan, suka raini kiristal guda mai tsabta. Abin da ya fito ba baƙi ba ne. Launinsa shunayya ne, haske na ratsa shi. Da suka manna masa wayoyi, turjiyarsa ta kai miliyoyin om a ma'aunin turjiya, wato ba ma ya sakin lantarki sam, balle a yi zancen sifili. Wannan a tsakiyar Agusta ke nan. A watan Disamba kwamitin da ƙungiyar masana fannin ta Koriya ta kafa ya bayyana cewa babu hujjar da ke nuna LK-99 sufakwandakta ne.

Abin lura a nan, an iya bayyana duk alamun da aka gani ba tare da an ce wani ya ƙirƙiri lamba ba. Faɗuwar turjiyar ta faru, ɗaga gefen ma ya faru. Fassarar ce ta zo da gaggawa.

Inda aka kusa kaiwa, da inda aka yi maguɗi

Akwai wata hanya da ta kai kusa da zafin ɗaki da gaske, amma da sharaɗi mai tsanani. Tun 1968 Neil Ashcroft ya yi hasashen cewa haidirojin, saboda rashin nauyinsa da saurin kaɗawarsa, zai iya riƙe tagwayen ilektiron a zafi mai yawa idan aka matse shi ya zama kamar ƙarfe. A 2015 ayarin Mikhail Eremets a birnin Mainz suka samu haɗin haidirojin da farar wuta yana aiki a digiri 70 ƙasa da sifili. Zuwa 2019 an kai wajen digiri 23 ƙasa da sifili da haɗin haidirojin da lantanam. Sai dai matsin da ake buƙata ya haura ninki miliyan ɗaya da rabi na matsin iska, kusan rabin abin da ke tsakiyar ƙasa. Ana samun sa ne ta hanyar matse samfurin tsakanin tsinin daimon biyu, kuma samfurin bai kai kaurin gashin kai ba. Wani lokaci daimon ɗin ya fashe, aikin makonni ya tafi.

A irin wannan awo, siginar samfurin ƙanƙanuwa ce a cikin hayaniyar ƙarafan da ke kewaye da shi, dole sai an ɗebe hayaniyar ta lissafi. A nan ne ƙofar maguɗi take. Mujallar Nature ta buga takardar Ranga Dias na jami'ar Rochester a 2020 mai iƙirarin digiri 15 sama da sifili, ta janye ta a 2022 saboda yadda aka yi wannan ɗebewa. Ta sake buga masa wata a Maris 2023, ta janye ta a Nuwamban shekarar bayan mafi yawan abokan rubutunsa sun nemi a janye. Binciken da jami'ar ta sa aka yi ya same shi da laifin sauya bayanai, shi kuma ya musanta. Ni a wurina wannan ya fi na LK-99 muni nesa, kuma ya nuna cewa tambarin babbar mujalla ba ya maye gurbin maimaita gwaji.

Shin masana ba sa danne sabon abu?

Masu wannan zargi suna da misalin da za su kafa hujja da shi. A watan Afrilun 1982 Dan Shechtman ya ga ɗige-ɗige masu kusurwa goma a wani haɗin alminiyam da manganis, abin da littattafan lokacin suka ce ba zai yiwu ba. An yi masa dariya, Linus Pauling mai Nobel biyu ya yi ta sukarsa har ƙarshen rayuwarsa. Amma da aka buga aikin a 1984, wasu ɗakunan gwaji suka haɗa abun suka ga abin da ya gani. A 1992 ƙungiyar masana fannin ta duniya ta sauya ma'anar kiristal, a 2011 ya karɓi Nobel. Haka Bednorz da Müller: cikin watanni aka tabbatar da aikinsu a Tokyo da Amurka, Nobel ta biyo baya a 1987, duk da cewa har yau masana ba su daidaita a kan dalilin da ya sa irin tangaran ɗinsu ke aiki ba. Ke nan rashin bayani ba ya hana a karɓi abu, ƙiyayyar manya ma ba ta hanawa, in dai yana maimaituwa a hannun wasu.

Wata muhawarar ita ce ta sakin takarda kafin tantancewa. Wasu na ganin hakan ne ya jawo ruɗani da asarar kuɗin masu sayen hannun jari. Wasu na cewa sakin ne ya sa aka warware zancen cikin mako uku, alhali takardar Rochester da ta bi ta hannun masu tantancewa ta shekara biyu kafin a janye ta. Na fi karkata ga na biyun, ko da yake wanda ya zuba kuɗinsa saboda bidiyo ba zai ji daɗin wannan lissafi ba.

Da an samu na gaske, me zai canza wa talaka?

Ba wutar kyauta ba. Sufakwandakta ba ya samar da lantarki, hanya kawai yake ba shi. A Amurka abin da ke ɓacewa tsakanin tashar wuta da gidaje wajen kashi 5 ne cikin ɗari. Ceto wannan riba ce babba, amma kuɗin gas da injuna da ma'aikata suna nan. Haka zafin da waya ko kwamfuta ke yi, mafi yawansa daga kunnawa da kashewar tiransistoci yake, ba abin da sabuwar waya za ta kawar ba ne.

Inda za a fi jin sauyin shi ne wurin maganaɗisu masu ƙarfi. Injin hoton MRI na asibiti naɗin sufakwandakta ne a cikinsa, kuma irin wanda aka saba da shi yana jiƙe ne a cikin ruwan hiliyam fiye da lita dubu. Hiliyam daga rijiyoyin gas na ƙasashe ƙalilan ake samun sa, irin su Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha, yana da tsada, yana kuma yankewa. Injin da ba ya buƙatar wannan sanyi zai fi sauƙin saye da kulawa, ya isa asibitocin da yanzu ba sa ko mafarkinsa. Jirgin ƙasan gwaji na Japan da ya yi gudun kilomita 603 a sa'a a 2015 da irin wannan maganaɗisu yake tashi, haka injin binciken ƙwayoyin zarra na cibiyar CERN a Turai mai kewayen kilomita 27 da shi yake aiki.

Sai dai gano sinadari daban, mayar da shi waya daban. Bayan jure zafi, dole ya jure wuta mai yawa da maganaɗisu mai ƙarfi, domin kowanne idan ya wuce iyaka yana rusa halin. Dole kuma ya lanƙwasu. Tangaran ɗin 1987 yana karyewa, kuma ƙananan ƙwayoyin kiristal ɗinsa idan ba su fuskanci gefe ɗaya ba, wuta ba ta tsallaka iyakar da ke tsakaninsu yadda ya kamata. Sai da aka shafe shekaru ana koyon shimfiɗa shi a kan tef na ƙarfe, a kaurin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba, ƙwayoyin duk a jere. Sai a 2014 aka binne kebul mai tsawon kilomita ɗaya na dangin wannan tangaran a birnin Essen na Jamus, shi ma da ruwan naitirojin ake sanyaya shi. A 2021 ne masana a jami'ar MIT ta Amurka da wani kamfani suka gwada babban maganaɗisu mai ƙarfin tesla 20 a ma'aunin maganaɗisu da irin tef ɗin, don injin haɗa makamashin nukiliya. Mafi yawan injunan MRI da ke aiki a asibitoci yau har yanzu da wayar niyobiyam da titaniyam aka naɗa su, haɗin da aka sani tun farkon shekarun 1960, wanda ba ya aiki sai a wajen digiri 264 ƙasa da sifili, amma yana jawuwa ya zama waya, yana naɗuwa bai karye ba.